Layin da Ya Rage Fari

Awa tara jirgin ƙasa na keta fili,
ba dutse, ba itace, sai ƙanƙara da turakun waya.
Na sauka Tasbulak da jaka ɗaya,
na'urar awo a aljihun kwat,
da hatimin hukuma, wanda ya fi jakar nauyi.

Darakta Sarsenbai ya tarbe ni hannu bibbiyu.
Kafin in tuɓe safar hannu an dire kan rago gabana,
aka ce baƙo ke yanka kunne ya raba.
Shayi da madara, kofi na korar kofi.
Gefen faranti ga takarda, an riga an buga:
"An duba, komai lafiya."
Layi ɗaya ya rage fari, yana jiran sunana.

Na ce a kai ni rumbu.
Ya ce, "Kulyash, sanyi ya yi yawa, gobe ma rana ce."
Na ce gani ya kori ji.

Rumbu na uku. Ƙofar ƙarfe, ƙwan fitila guda.
Littafi ya ce ganga ɗari huɗu da sha biyu.
Na ƙirga da yatsa kamar 'yar aji ɗaya,
na sake ƙirgowa daga ƙarshe:
ɗari huɗu da tara.
Uku sun yi ƙafa.
Can a lungu wata na gumi,
tsatsa ta cinye gindinta, an rufa mata asiri da rawayan fenti,
ɗanye sharaf, har ya bi ni a hannun riga.

Na'urar ta soma ƙas, ƙas, kamar gyare mai jin kunya.
Na ƙara taku biyu, ta ɓarke.
Ba wari, ba hayaƙi, ba launi.
Abin da ke kwance a nan bai san ruɓa ba:
zai ga bayan darakta, ya ga bayana,
ya ga bayan harshen da muka rubuta gargaɗin da shi.

Da la'asar na bi magudana har bayan shinge.
Tsoho Zhumabek na sarar ƙanƙarar tafki da gatari,
dawaki sun yi layi, hancinsu na tururi,
jikarsa riƙe da ragama, kumatu ja wur.
Ya ce goɗiya biyu sun yi ɓari bana.
Ya ce ruwa ba ya tsami banza.
Sai ya dubi hatimin da ke wuyana:
"Ke ce ta gwamnati? To faɗa min,
ruwan nan, in ba yarinyar?"

Ban amsa ba. Na cika kwalba uku, hannuna na rawa,
na ɗora wa sanyi laifi.

Da dare waya ta yi ƙara daga babban birni.
Murya mai laushi, ta maigidana:
"Saura shekara biyu ki huta.
Baƙi masu kuɗi na tafe wata mai zuwa.
Kar ki tono mana abin da ƙasa ta rufe."

Ba zan yi wa kaina ado ba.
Sau biyu a baya na sa hannu daga bakin ƙofa,
ban shiga ba, ban ƙirga ba,
na koma gida na yi barci har da minshari.
Na ci kunnen ragon nan ma,
kuma an ce wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Amma askin nan kan yarinya zai sauka.

Da asuba na ɗauki alƙalami.
A farin layin ban rubuta sunana ba,
na rubuta ɗari huɗu da tara,
da lambar da allura ta nuna,
da "A rufe tafkin yau."
Sannan na danna hatimi har teburin ya amsa.

Sarsenbai bai raka ni tasha ba.
Wataƙila takardar ta kwana a aljihun tebur har ta tsufa,
wataƙila ni za a bincika.
Kwalaben na ƙara a jaka duk sanda jirgi ya girgiza.
Fentin ya bushe a hannun rigata.
Ban kankare shi ba.