Akwatin da Ba Ya Huci

A Puno, bayan kasuwar kifi,
akwai shago mai faɗin tabarma biyu.
Nicanor na ciki, tabarau a goshi,
yana fiɗar kwamfutocin da ofisoshi suka zubar
kamar mahaucin da ba ya barin ko kofato.
Wannan ya ciri allo, wancan ya zare waya,
na ukun ƙwaƙwalwarsa kaɗai ke da sauran rai.
Yakan ce: gawar ƙarfen da aka jefa a bola,
ruwan sama zai wanke dafinta zuwa tafki,
kifin da ya sha, a tukunyarmu zai kwana.

Ran Talata ya shiga kwalekwale
da wani abu ƙunshe a tsohuwar rigar sanyi,
bai fi sandar sabulu ba.
Titicaca ya yi shuɗi har ido ya gaji,
iska na yankan kunne.
Tsibirin da aka saƙa da ciyawa yana lilo,
inda ka taka ya ɗan nutse, ya dawo.

Fortunata ta karɓa hannu biyu, ta juya shi.
"Ina sauran?"
"Shi ke nan."
"Na ga na ofishin gunduma, akwati ne guda,
yana huci kamar jakin da ya hau dutse,
sai ka ɗaga murya kafin a ji ka.
Wannan ko tari ba ya yi.
Abin da ba ya numfashi, ina zai iya aiki?"

Bai yi musu ba.
Ya jona shi da farantin rana ɗaya tilo da ke kan rufi,
wanda tun bara yake ciyar da fitila da rediyo.
"Cinsa bai kai na fitilarki ba."
Allo ya buɗe ido.
Ta ɗora tafi a bayan akwatin, ta yi jim:
ɗumi kaɗan,
irin na ƙwan da kaza ta tashi a kai yanzu.
"To, da ransa," in ji ta.

Ciniki ya faɗa a kan barguna biyu, saƙar hannunta,
da kwandon busasshen kifi,
da alkawari: ran da ya mutu
ba ruwa za a ba shi ba, a mayar masa da shi.

Delfina, jikarta, mai shekara sha ɗaya,
ita ta fara gane lagonsa.
Ta rubuta: jan bargo, kwana goma sha tara;
ulu, kuɗi kaza; rini, kuɗi kaza.
Lissafi ya fito ya zauna a fili.
Ashe dillalin da ke zuwa daga gari
shekara bakwai yana biyan kuɗin zare,
gumin kuwa kyauta yake kwasa.
Fortunata ba ta ce uffan ba.
Da ya dawo ta faɗi sabon farashi,
idonta na kan saƙa, ba ta ko ɗago ba.
Ya yi ƙorafi, ya kewaya tsibirin sau biyu,
ya biya.

Sai hadari ya yi zaman dirshan, kwana shida,
rana ta ƙi leƙowa, batir ya rame.
A dare na biyar abin ya zo wuya:
ko fitila, ko akwati, ba duka ba.
Gobe Delfina na da jarrabawa.
Tsohuwa ta miƙa hannu ta kashe fitila da kanta.

Ɗaki ya yi baƙi,
sai fuskar yarinya kawai, fara sol da hasken allo,
leɓenta na motsi, tana bin lambobi.
Ruwa na lasar gindin ciyawa a waje.
Kaka na gefe, tana saƙa da abin da yatsu suka haddace,
ba ƙarar inji, ba hayaƙi,
tana jin numfashin jikarta sarai.

Da gari ya waye ta ɗaga bargon:
layi huɗu na baƙin zare
a inda ja ya kamata ya bi.
Ta duba, ta sake dubawa.
Ba ta warware ba.