Ɗakin da Aka Toshe a Daren Laraba

Ni ne Baltasar, mai gyaran agogo a Valparaíso,
can kan tudu inda gidaje suka maƙale kamar sheƙar tsuntsaye.
Wata goma sha ɗaya ina jefa kuɗi a gwangwanin shayi
kafin na gangara kasuwa na ɗauko wa Ximena na'urar wasa.

A jikin kwalin an rubuta ɓaro-ɓaro:
ga wasa, ga kallo, ga kuma ɗaki na uku
inda mai ita zai zuba manhajar da ransa ke so.
Ɗakin nan ne ya sa na buɗe gwangwani.
Ba ni da halin kwamfuta,
na ce wannan ta tsaya mana a madadinta.

A ciki yarinyar ta koyi magana da inji.
Ta ƙera ɗan kwale-kwalen masunta,
ta sa masa sunan kakanta Eleuterio, wanda teku ta riƙe,
ta koya wa igiyar ruwa tashi yadda take gani ta taga.
Ya kife sau goma, ta yi dariya sau goma sha ɗaya.

Daren Laraba, ana yayyafi,
saƙo ya hau allo cikin ladabi:
"Sabuntawa ta iso, domin tsaronku."
Ƙarƙashinsa rubutu mitsi-mitsi kamar ƙwan tururuwa.
In ka yarda, ɗaki na uku ya tafi.
In ka ƙi, ba kai ba wasa da kowa a duniya,
sabon faifai ma ba zai amsa sallamarka ba.
Gaba kura, baya sayaki.

Ƙawayenta na jiran ta a ɗaya ɓangaren.
Ta dube ni, na dubi rufin kwano.
Ta danna.
Da safe Eleuterio ya nutse karo na biyu,
wannan karon babu ruwan teku.

Na kai rasit kanti. Fresia ta juya shi gaba da baya.
"Tana kamawa?" Na ce tana kamawa.
"To me ya lalace?"
Na ce ba ta lalace ba, rage ta aka yi.
Ta ɗaga kafaɗa, ta kira na bayana.

Ku faɗa mini, jama'a,
in na sayar maka da agogo mai hannu uku,
bayan shekara biyu na hauro katangarka cikin dare,
na zare hannun daƙiƙa, na mayar da gilashi,
na bar takarda cewa don lafiyarka na yi,
wane suna za ka kira ni da shi a kasuwa?

A ofishin kare haƙƙin masu saye lambata arba'in da bakwai.
Gabana direban bas, gefena malamar lissafi,
kowa rungume da kwali irin nawa.
Ma'aikacin, Anselmo, mai tawada a hannun riga,
ya karanto mini amsar kamfani:
wai ƙarfen nawa ne, robar tawa ce,
abin da ke numfashi a ciki kuwa aro ne.

Aro?
Ranar da ake ƙirga kuɗina ban ji kalmar ba.
Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa,
amma ni tulu na saya,
maginin ya biyo ni gida ya huda.

Anselmo bai yi mini alkawari ba.
Ya ce in cika takarda, in adana kwalin,
domin abin da aka rubuta a jikinsa shaida ne,
kuma takardu in sun yi tsibi alƙali kan ɗaga kai.
Na sa hannu da biron da ke yankewa.

Kwalin yana saman kabad, na lulluɓe shi da leda,
har yau yana rantsuwa ɗakuna uku ne.
Ximena kuwa ta samo littafin makaranta mai layi,
tana rubuta wa kwale-kwalen umarni da fensir,
layi bayan layi, babu allon da zai karanta.
Jiya ta tambaye ni nawa ne tsohuwar kwamfuta.
Na wanke gwangwanin shayi, na kife shi ya bushe.