Tayoyin Bayan Shago

Shekara goma sha tara ina faci a Ƙofar Doka,
ba ƙusar da ta taɓa ɓuya mini.
In tsoma tub a ruwa,
kumfa ta tona asirin huji.
Amma hujin da ciwo ya bi ya shigo gidana,
ban gan shi ba.

Ran Talata Tasi'u ya ajiye famfo,
ya ce, "Baba, bayana kamar an bi shi da guduma."
Na ce zazzaɓin damina ne,
na sayo ƙwaya a kemis, Tudun Wada.
Kwana uku jiki ya yi sanyi,
har ya nemi ɗumame da man shanu.
Ashe ciwon ɗamara ya koma gyarawa.

Ran Asabar idonsa ya zama ruwan ɗorawa.
Uwarsa ta dafa rawaya,
ya sha, ya dawo da ita baƙa.

A Shika suka ɗebi jini sau biyu.
Sista Kande ta dube ni ta saman tabarau:
"Shawara muke zato. An yi masa rigakafi?"
Na tuna ranar da masu allura suka zo unguwa,
ranar tirela biyu ke jirana.
Na ce, "Ai a gidan sauro yake kwana."
Ta ce, "Wannan ba ya jiran dare.
Da hantsi yake cizo, da la'asar sakaliya,
ƙafarsa fari da baƙi kamar saƙi.
Ruwan da ya kwanta a mazubi, nan yake haihuwa.
Ina yaron yake wuni?"

Ban amsa ba. Na hau babur.

Bayan shago, tayoyi sittin da uku,
jarina, da nake tarawa masu takalma.
Kowace ta rungume ruwan Agusta a cikinta,
'ya'yan sauro na wutsil-wutsil
a inuwar da Tasi'u ke cin rake.

Na ɗauko kurfi da guduma.
Maƙwabcina mai walda ya ce, "Ɗanjuma, lafiya?"
Ni da na tsufa ina toshe huji,
yau huji nake yi,
ɗaya bayan ɗaya,
ruwa na tsiyaya a kan ƙafata.

Saura goma sha ɗaya, waya ta yi ƙara.
Uwarsa ce. Wai ya buɗe ido,
ya tambaya ko na rufe shago.