Mai Tura Amalanke a Kan Layin Dogo

Ni ne Crisanto, mutumin Manila,
mai tura amalanken katako a kan layin dogo.
Ba inji, ba fetur:
ƙafa biyu, da kafaɗar da ta daina ƙorafi.

Da asuba, sa'ad da ba kowa a kai,
turi ɗaya, ya zura kamar an koro shi.
Can Aling Perpetua ta hau da kwandon kifi,
ga 'yan makaranta huɗu, ga wani ƙato da jaka.
Ƙarfin nan ne dai, hannun nan ne dai,
amma taya ta ce sai ta yi shawara.

Nauyi ba mugu ba ne, jan rai gare shi.
Bai ƙi tafiya ba, lokaci yake karɓa.
Na dafa, na duƙa, ina ƙirga taku,
kowane taku ina zuba masa ɗan gudu
kamar mai jefa kwabo a asusu.
A na ashirin sai in ɗane baya,
abin da na tara ya ɗauke mu
bisa gadar Pasig, ruwa a ƙasa baƙi ƙirin.

'Yata Luningning ta rubuta min a takardar burodi:
ƙarfi sau lokaci, a raba da nauyi,
amsar ita ce gudun da aka ƙara.
Na ce, ashe malaminku ya taɓa turi?
Ta ce, alli kaɗai hannunsa ya sani.

Abin da ba ta kai ga rubutawa ba:
gudu bashi ne, tsayawa ita ce biya.
Jiya jirgi ya yi kuka daga bayan kwana.
Direba ya ja birki tun da nisa,
amma wa ke tsayar da dutse cikin numfashi uku?
Na kafa dugadugai a tsakuwa,
silifas ya tsinke, amalanke ya saurare ni.
Muka dira, muka ɗage shi gefe,
jirgi ya wuce yana niƙa haƙora,
bai samu tsayawa ba sai bayan kasuwa.

Aling Perpetua ta ƙirga kifinta,
uku sun koma kogi,
ta cire kuɗinsu daga ladana.
Na ɗaure silifas da waya,
na mai da taya bisa ƙarfe.
Asusu wayam.
Na dafa. Ɗaya.