Dalmar Kwano

Sunansa Kwan. Mu muka ƙara masa wasali
ya zama Kwano, bai kuwa yi fushi ba.
Ni nake tuƙa shi a kwalekwale
shekarun da ake shirin datse Binuwai a Lagdo,
shi da igiyarsa mai dalma a baki
da littafin da ko yayyafi bai yarda ya taɓa ba.
Ya jefa, ya jira, ya jawo.
In ce masa nan gaba biyu ne,
ya auna, ya tarar gaba biyu ne, ya rubuta abinsa.

Faransancinsa gurgu, nawa makaho,
haka suke jan juna har su kai gida.

Wata la'asar hadari ya tsare mu a gindin tsamiyar gonarmu.
Muka gasa karfasa uku.
Ya ɗauki ƙayar kifi ya zana kogi a ƙasa,
kogi mai baki da yawa kamar saiwar gamji.
Ya ce, nan ne garinmu.
Nan kakan kakana yake fito da mutane.

Ya ce, wata asuba jirgin Ingilishi ya shigo,
baƙi, na ƙarfe, ba ya roƙon iska,
hayaƙi a ka, ƙafa biyu a kwiɓi suna dukan ruwa,
cikinsa shafe kamar faranti,
yana bi ta inda ruwa bai wuce ƙirjin mutum ba.
Igwoyin ganuwa duk sun zuba wa teku ido,
shi kuwa ya ɓullo ta bayan gida.
A goshin jirgin wani ja yana tsaye,
yana jefa dalma, yana kiran lamba kamar mai talla.

Na ce, a kan me?
Ya ce, a kan wani baƙin danƙo da ake zuƙa a lofe.
Sarkinmu ya ce kada a sayar,
su suka ce sai an saya.

Ya daɗe yana tsince ƙaya kafin ya ci gaba.
An kafa turaku a mashigin don a tare su.
Sai da aka sami masu cirewa,
mutanen bakin ruwa, waɗanda suka san inda kowane yake.
Kakan kakana yana ciki.
Tsoro ne, ko haushin mai karɓar haraji,
ko azurfar da aka jefa masa, a gidanmu ba a faɗa.

Na ba shi nawa labarin don kada ya zauna shi kaɗai:
kakata Gwamma tana budurwa a Garwa
aka hauro da igwa ta wannan ruwan don Jamus,
ta ce ƙarar ce kawai ta tsaga mata tulu.
Ya gyaɗa kai.

Ruwa ya ɗauke, muka koma aiki.
Ya tsaya a goshin kwalekwale da dalmarsa.
Ni ina baya, ina nuna masa hanya,
ranar Asabar in karɓi kuɗina.
Na dube shi, na dubi hannuna,
ban ce komai ba.

Yanzu akwai lantarki a Garwa.
Giwan ruwa ya yi mini ɗaki uku da kwano a sama,
ya kai Tasalla makarantar ungozoma.
Gonar kuma tana ƙasa, da rijiyar, da tsamiyar,
da wurin da muka kwantar da Gwamma.
In an tambaye ni riba ko asara
sai in ce kifi ya yi tsada bana.

Da zai tafi ya bar mini dalmar.
Wata rana in kasuwa ta ƙi
nakan tuƙa zuwa inda nake zaton tsamiyar take,
in jefa, in jira.
Gaba goma sha ɗaya.
Ni ba ni da littafi.