Ranar da Muka Lanƙwasa Dutse

Litinin, ƙarfe takwas, a Dundaye,
na shiga aji da alewa a aljihu.
Fanka tana juyi kamar mai bin bashin barci.
Na ce, yau za mu lanƙwasa dutse.
Suka yi dariya, su arba'in da ɗaya.

Marwanu, ɗan mai haƙar rijiya daga Wurno,
ya ɗaga hannu, bai jira izini ba:
"Malam, mi ka lanƙwasa dutci?
Tsohona ya shekara talatin cikin rami,
bai taɓa ganin ya rusuna ma kowa ba."

Ban amsa ba. Na fito da alewar,
na karya ta, ƙas, gida biyu.
Na ɗora ɓari guda a bakin taga
inda rana ke zuba ba awo,
na koma allo ina zana tudu da kwari.
Da hantsi ya ɗaga na ɗauko ta,
na ja a hankali,
ta biyo hannuna, ta zama lauje.

Na ce, alewar dai guda ce.
A sama, cikin sanyi da gaggawa, karyewa ake.
Can ƙasa, inda igiyar tsohonka ba ta kai ba,
akwai zafi, akwai nauyi,
kuma babu mai duba agogo.
Da aka ce mai haƙuri yakan dafa dutse
ba a faɗa muku shekara miliyan nawa ba.

Ban ga laifinsu ba.
Ƙasarmu a kwance take,
shimfiɗa bisa shimfiɗa, kamar tabarmin masallaci
da ladan ya jera bayan an watse:
Taloka, Dukamaje, Dange, Kalambaina,
ta ɗan karkata arewa maso yamma
kamar tsohuwa mai sauraron hirar maƙwabta.
Yaya zan koyar da murɗiya
a garin da dutsensa bai taɓa juyi a barci ba?

Asabar muka tafi ramin farar ƙasa.
Motar ta mutu sau biyu kafin gada.
Guduma huɗu gare mu, kamfas ɗaya,
sai a bi layi kamar wurin famfo.
Luba ta fasa wani dunƙule, ta yi salati:
katantanwa ce a ciki, da zanenta cif.
"Teku, Malam? A nan?
Mu da ke sayen ruwan jarka?"

Can wajen la'asar na ji ana kirana.
Marwanu ne, durƙushe a gindin bango.
Wani jan layi ya taho tun daga nesa, miƙe,
sai ya yanke,
ya ci gaba a ƙasa kaɗan, kamar bai yi komai ba.
Ya ɗora hannu tsakanin biyun. Taki ɗaya.
Ya auna karkatarsa sau uku, sau uku ya kuskure,
na huɗu ya dace, bai ko dube ni ba.

Ya ce, "Akwai wata rijiya a garinmu,
gaba shida aka ishe ruwa.
Aka matsa taku goma, aka yi gaba tara, ƙayau.
Tsoho ya ce mutanen ɓoye ne suka riƙe."
Ya yi shiru, yana shafa tsagar da yatsa.
"Wa zai gaya mishi?"

Na ce, ka tafi da shi alewa.

Yau da dare ina duba takardunsu.
Goma sha bakwai sun juya tudu ya koma kwari.
Shekara ashirin da biyu ke nan ina wannan,
bayana ya fara bin siffar kujera,
ban dai ji ƙas ba tukuna.
A aljihun tebur, ragowar laujen nan,
kiyashi sun same shi,
suna kwashewa ƙwaya ƙwaya.
Wannan darasin zango mai zuwa ne.