Jinin Saye

Da hantsi muka dawo daga rugar Dotti a bayan Bomo,
kwalabe tara cikin kular ƙanƙara,
taɓon damina har gwiwa.
Ya ce Saye ta rame, nononta ya ja baya,
dasashinta ya yi fari kamar an wanke.

Na shafa jinin a gilashi, na rina shi,
na duƙa kan madubi har wuyana ya ƙage.
Ƙwayoyin jini jere, lafiya lau,
kamar tumatir a faifan 'yan Kwangila.
Na buga masa waya: ban ga kowa ba.
Ya ce, "Malama, sake dubawa.
Shekara goma sha ɗaya nake tatsar ta."

To, na fasa jinin, na wanke, na tace,
har ya rage ɗigo guda,
fari tas, kamar hawaye.
A ciki, in akwai baƙo,
ya bar rubutun da aka halicce shi da shi.

Na ba na'ura.
Ta ɗumama, ta huce, ta sake ɗumamawa,
tana kwafar layi ɗaya tak,
biyu, huɗu, takwas,
ta fi masu hoton takarda na bakin jami'a haƙuri.
A zagaye na sha tara aka ɗauke wuta.
Tanimu ya ruga wurin inji da silifa ɗaya,
ni kuwa salati kawai nake, hannu a ka.

Bayan isha, Samaru ta yi tsit.
Na kashe fitila, na kunna shuɗin haske.
Ga shi nan, siririn zane a ƙarƙashin sunan Saye,
tambarin abin da kaska ta tofa mata
tun ciyawa tana ɗanya.

Amma rami na shida ne ya tsayar da ni.
Wule ce, mai tozo, mai sheƙi,
wadda yake nuna wa baƙi da sanda.
Zane biyu. Baƙi biyu take ɗauke da su,
tana kiwo, tana raba wa garke
ta bakin kowace kaska da ta sha ta sauka.

Na kira shi. Ya yi shiru,
ina jin maraƙi yana kuka a bayansa.
Can ya ce, "Har Wule?"
Na ce har ita.
Ya ce, "Gobe ki zo da kwalabe arba'in."